Fuskar Yaya Rifkatu a Bangayen Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban ɗinka wando ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗora ƙafa a kan keken ɗinki sai wani ya leƙo shago: "Bitrus, yaya ƙasar Faranshi? Wai da gaske burodinsu ya kai sandar makiyayi?" Shekaranjiya saboda surutunku na ɗinka wa wani malamin makaranta aljihu a gwiwa. To ku matso, zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan yau, da almakashi zan raka shi.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Mijin yayata na je nema.

Yaran yanzu ba su san Emeka Mai Fenti ba, amma a ƙarƙashin aikinsa suka girma. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gombe, babu shagon da ya amsa sunansa shago a Sabon Layi sai da allon Emeka a goshinsa. Shi ya zana kawunan nan na shagon aski, kowanne da irin askinsa, mutum ya nuna da yatsa ya ce wannan nake so. Shi ya zana mutumin kemis, a gefe guda ya rame kamar kara, a ɗaya gefen ya sha magani ya ajiye tumbi. A Hotal Sai Ka Dawo kuwa wani ƙato ya zana musu cikin kwat yana ɗaga kofi, kumfa na zuba, har waɗanda ba sa sha in sun zo wucewa sai sun haɗiyi yawu. Mutanen ƙauye ba sa karanta boko, amma ba sa ɓata. A ce musu "kantin mai giwa" ko "shagon mai zakara," su je kai tsaye. Yanzu da kuɗin mai suka shigo, kamfanoni na raba farantan ƙarfe bugun inji, duk iri ɗaya, ana ɓamɓare nasa ana rufe akurkin kaji da su.

Shi ya auri yayata Rifkatu. Iyayenmu a ƙasar Tangale sun yi gunaguni da farko, daga baya suka fi son sa a kaina, don ya fi ni ladabi, wannan kam ba na musu. Shekarar da gari ya rikice, ya fita aiki a tasha da safe da gwangwanayen fentinsa, bai dawo ba. Ita kuwa wani maƙwabci, Allah ya saka masa, shi ya tsallakar da ita ta katanga ya ɓoye ta cikin iyalinsa, aka cinna wa ɗakunan hayarsu wuta. Aka yi yaƙi aka gama, 'yan'uwansa da yawa suka dawo suka buɗe shagunansu. Shi shiru. Kawunmu ya yi magana, Pasto ya yi magana, a yi addu'ar mamaci ta huta. Amsarta ɗaya ce kullum: "Wa ya ga gawarsa?"

Ana nan sai Malam Buba direba, mutumin Kwadon da ya fara jigilar kwanuka da robobi zuwa Kamaru, ya faɗo gidanmu a Nasarawo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Bitrus, na ga yayarka a Garwa."

"Yaya na madafi tana tuƙa tuwo, Malam Buba. Rana ce ta buge ka?"

"A bango na gan ta! A bangon gidan giya, da kwalba a hannunta. Wushiryar nan, har tawadar Allahn da ke ƙarƙashin idonta."

Na ce masa kama da wane ba ta wane. Ashe Yaya na tsaye a bayanmu da muciya a hannu. Maganar kwalba ko a jikinta, ita da ke ba da waƙa a zumuntar mata. Ta ce, "Mutum ɗaya ne ya san tabon nan har zai ajiye shi inda yake. Bitrus, tashi ka je."

Haka na rufe shago ana tsakiyar ɗinkin biki, na shige gaban motar Malam Buba tsakaninsa da giyar mota, duk canjin da zai yi sai gwiwata ta sha. Kumo da Billiri lafiya lau. A Kaltungo innarmu ta tare mu da ƙullin gyaɗa da addu'ar da ta kusa sa mu kwana. Daga Cham hanya ta ce ba ta san mu ba, kwanukan da ke baya suka yi ta kiɗa har Numan.

A Numan na ga abin da ya fi ƙarfina. Ni ɗan dutse ne, ruwan da na sani na rijiya ne. Sai ga Binuwai shimfiɗe, ga wani faffaɗan jirgi, aka ce wai motar nan tamu da kayanta za ta hau kansa. Ta kuwa hau. Da jirgin ya motsa ban san lokacin da na cafki rigar Malam Buba ba. Wata mai sayar da kifi ta dube ni ta tuntsire da dariya. "Kai ɗan dutse, saki rigar bawan Allah! In jirgin ya nutse ai tare za ku tafi." Na saki don in ba ta amsa, iska ta ɗauke hulata, ina kallo tana tafiya Lakwaja ba ni. Matar ta ji tausayina ta ba ni gasasshen kifi kyauta. A Jimeta muka kwana kan benci a tasha, sauron garin kuwa ba ya tambayar baƙo daga ina yake.

Iyakar da kuke ta tambaya, gora ce guda a gicciye a hanya, sai rumfa da jandarma biyu cikin gajeren wando. Ɗaya ya karɓi takardata, ya dube ta, ya dube ni. Ya sake dubana. Ya ce da Fillanci, "Na san ka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa wuce Numan ba sai jiya."

"Buɗe bakinka."

Na buɗe, ya leƙa wushiryata kamar mai sayen akuya, ya ƙwala wa ɗan'uwansa kira. Su biyu suka tsaya kaina, sai suka fashe da dariya har da dukan cinya. "Madam ta yi gashin baki!" Raina ya ɓaci, zan yi magana Malam Buba ya take mini ƙafa. Suka ɗaga gora ko tamfol ba su buɗe ba. Malam Buba ya ce daga yau zai riƙa hayata ina zama a gaban mota. Ni dai ban gane komai ba, ban kuma yi dariya ba.

Da tsakar rana muka shiga Garwa, na tarar da gari tsit, kantuna a rufe, titi fayau. Na ce wane babba ne ya rasu? Malam Buba ya ce ba wanda ya rasu, barci suke. Wai haka al'adarsu take, rana na take tsaka kowa ya ja ƙofa ya miƙe, har ma'aikatan gwamnati, sai la'asar. Ku ji fa! A Gombe ka rufe shago da azahar ka ce barci za ka yi, kafin ka farka maƙwabcinka ya kwashe masu sayenka har da bencinka.

Gidan wata tsohuwa Bafillatana muka sauka, Dada Asta, mai ba direbobi ɗaki. Tana ganina ta saki ƙwaryar hannunta ta yi salati. Ta zagaya ni, ta ce, "Ɗana, kai ɗan wa ne?" Na ce abinci tukun, Dada. Ta kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da kifi, mai tsami har kunne. Burodin kuma gaskiya ne, dogo ne, sai dai bai kai sandar makiyayi ba, kuma ɓawonsa sai da ya yanka mini dasashi. Kowa a gidan sai ya ba ka hannu duk shigowa duk fita, ko yanzu kuka rabu. Kafin la'asar hannuna ya gaji.

Da gari ya farka Malam Buba ya ce in taso. Muka sha kwana muka shiga babban layin kantuna.

Jama'a, gani ya kori ji.

A saman ƙofar gidan burodi Yaya Rifkatu ce tsaye, tsawonta ya yi biyuna, ta rungumo burodi tana dariya. Ba mai kama da ita ba, ita. Goshin, wushiryar, tabon, har yadda take karkatar da kai in za ta tsokane ka. Allah ya sani saura kaɗan in durƙusa in gaishe ta. Ban gama dawowa hayyacina ba Malam Buba ya taɓa ni ya nuna tsallaken titi. Ga ta nan kuma a kantin kekunan ɗinki, tana taka keke da atamfa shuɗiya. Gaba kaɗan gidan kitso, kawuna reras kowanne da irin kitsonsa, kuma dukansu ita ce. A gidan hoto ta sa tabarau. A shagon babura tana kan ɗan babur ɗin nan nasu, ɗankwali na tashi a iska, Yayar da ko keke ba ta iya hawa ba. A kemis na gan ta da jariri a kafaɗa, mai ƙiba, yana dariya irin tata. Nan na tsaya na daɗe, don Allah bai ba su haihuwa ba.

Ban san na zama abin kallo ba sai da na waiwaya. Mutane sun biyo mu, suna nuna ni suna nuna bango. Kowa da labarinsa. Wani ya ce mawaƙiya ce daga Kwango. Wani ya ce 'yar wasan silima ce. Wata mai ƙosai ta rantse mini aljanar kogi ce, wai duk kantin da ta zauna a kansa ba ya rasa ciniki. Su dai Madam suke ce mata. Na buɗe baki in ce yayata ce, tana Nasarawo tana sayar da manja, sai na ji maganar ta yi mini nauyi.

Muka isa gidan giyar. Su can ba sa ɓoye shi bayan zana kamar namu. Kujeru a bakin titi, mutum ya harɗe da kwalbarsa yana gaisawa da surukinsa in ya zo wucewa. Bangon gaba ɗaya zane ne: maza a tebur, kowa da giyarsa, fitilu masu launi a kewaye, ita kuma a tsakiya. Na matsa sosai na duba kwalbar da ke hannunta.

"Malam Buba, zo nan. Wannan giya ce?"

Ya ƙanƙance ido. "Af. Lemo ne."

"Ka tayar mana da hankali a kan lemo!"

"To ni tsayawa zan yi ina ƙare wa gidan giya kallo? Da gefen ido na gani."

A kan hanyar komawa muka wuce wani sabon shagon agogo, allonsa na sheƙi. Na kai yatsa, fenti ya kama ni. Ɗanye ne! Wani daɗi ya rufe ni har na rungume Malam Buba a tsakiyar titi. Na ce yana raye, wallahi yana raye, matattu ba sa fenti. Mai shagon ya kwatanta mana rumfar masu zanen, bayan kasuwa, amma ya ce sun tashi sai da safe. Dada Asta ta so ta yi mini wata magana da muka koma, ta dube ni ina ta washe baki, sai ta fasa ta ce in ci abinci.

Da sassafe na riga kowa. Rumfar kwano ce, alluna jingine ko'ina, warin fenti irin wanda na sani. Wani mutum ya ba ni baya, ya sunkuya yana ja wa Yaya gira. Har tsayuwar irin tasa ce, ƙafa ɗaya a kan gwangwani. Na ƙwala, "Mai Fenti!"

Ya juyo. Wani dogon Bafillace ne mai gemu. Ya dube ni, burushi ya faɗi daga hannunsa.

Hamadu sunansa. Ya shimfiɗa mini buhu, ya ce in zauna, shi ma ya zauna. Ya ce maigidansu Emeka ya iso Garwa a ƙarƙashin tamfol ɗin wata motar auduga, ba shi da komai sai rigar jikinsa. Da motar za ta fita Gombe ya hango layinsu yana ci da wuta ta ƙasan tamfol. Daga baya wani da ya gudo ya ce masa ba wanda ya fita daga ɗakunan. Aikin farko da ya samu na gidan burodi ne, aka ce ya zana mace, ya zana ta. Na biyu ma haka. Har masu kantuna suka daina yarda da wata fuskar.

"Haka ya koya mana," in ji Hamadu. "Kafin ka taɓa fenti sai ka yi ta zana ta da alli har hannunka ya haddace. In ka kauce da tabon ko kaɗan, ya goge ya ce sake. Duba." Ya ɗauki alli, yana kallona ba ya kallon ƙasa, ya ja layi nan ya ja can. Kafin in haɗiye yawu ga Yaya a daɓe tana dariya. Ya ce su uku ne ya koyar, kuma yau ko an sa musu wuƙa ba su iya zana wata mace ba, duk inda suka fara nan hannu yake komawa. Mai gidan giya ya yi ta faɗa a sa mata giya a hannu, maigida ya ce ba ta sha, in ba a so a goge bangon.

Na ce, "Yana ina?"

Ya sunkuyar da kai. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, bayan an gama yaƙi da kaɗan. Sun roƙe shi ya koma gida ko don ya ga danginsa, ya ce wurin wa?

Sai Hamadu ya ce a hankali, "Kai ɗan'uwan marigayiyar ne ko? Allah ya ji ƙanta."

"Wace marigayiya? Tana nan da ranta. Ita ta aiko ni."

Ban taɓa ganin ƙato mai gemu ya yi irin kukan nan ba. Yana yi yana tambaya: tana magana? Tana tafiya da ƙafarta? Ta tsufa? Ya aika aka kira sauran biyun, suka zo suka zauna suna kallona kamar na fito daga kabari. Da rana ta yi sanyi suka kai ni maƙabartar mishan. Allon kansa su suka rubuta, fari tas, sunansa kawai. A duk garin shi ne allon da na gani daga rumfar nan babu hoto a kansa.

Dawowa ba ni da abin faɗa. Jandarman ya sake tsokanata, na karɓi takardata na wuce. Jirgin Numan ma na hau ban riƙe rigar kowa ba. Tun daga Kumo nake shirya yadda zan fara, muna shiga Nasarawo duk ya zube.

Na same ta a tsakar gida tana auna wa wata mata manja. Ta sallame ta, ta wanke hannu, ta kawo mini ruwa, ta zauna. Ba ta tambaye ni ba, ni ma na rasa ta inda zan kama, sai na kama ta bangaye. Na ba ta labarin gidan burodi da gidan kitso. Da na zo kan babur ta ce, "Ni? A kan babur?" har ta rufe baki da gefen zane. Na faɗa mata lemo ne ba giya ba, ta gyaɗa kai ta ce, "Ai ya sani." Na jaririn ne kaɗai na haɗiye, har yau ban faɗa mata ba, ku ma kada in ji a bakinku.

Sai labari ya ƙare mini, saura guda. Na faɗa.

Ba ta yi ihu ba. Ta dubi hannuwanta ta ce, "Ya san ina nan?"

"Bai sani ba, Yaya. An ce masa ba wanda ya fita daga wutar."

"Har ya mutu?"

"Har ya mutu."

Sannan ta kwance ɗankwalinta mai fure, ta ninke shi a kan cinya, hawaye na sauka a kansa.

"Ashe shi ya yi ta makokina ina raye, ni kuma na hana a yi nasa yana kwance a ƙasa." Ta share fuska da bayan hannu. "Bitrus, sha ruwanka. In ka gama ka je ka kira mini Pasto."